Yadda Ake Tattaki Daga Tasha Zuwa Tasha

Tattakin tasha zuwa tasha shi ne mutum ya hau abin hawa ya sauka a wata tasha, ya taka da ƙafarsa ta cikin gonaki, ƙauyuka ko unguwannin bayan gari har ya isa wata tashar, daga nan ya hau ya koma gida. Ba a maimaita hanya, ba a kuma barin mota ko babur a bakin titi ana tafiya hankali na kansa. A Ingila da Jamus da Japan da jirgin ƙasa ake yinsa, domin tashoshinsu na karkara suna kusa da juna.

Mu a Sakkwato babu layin dogo. Reshen da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, bai ƙaraso nan ba. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 kuwa ta Daura da Katsina da Jibiya ya bi. Saboda haka Basakkwace yana da zaɓi biyu: ya yi da jirgi idan harka ta kai shi Abuja, ko ya yi a gida da tashoshin mota da matsayar 'yan kabu-kabu. Tsarin ɗaya ne, kuma shirinsa daga komawa ake fara shi.

Mataki na farko: san yadda za ka koma

Kafin ka zaɓi inda za ka fara, tabbatar da inda za ka ƙare, da abin hawan da zai ɗauke ka daga can, da kuma lokacin da na ƙarshe yake tashi. Mafi yawan tattakin da ke lalacewa ba a hanya yake lalacewa ba. Mutum ne zai iso a gajiye, ƙafa ta kumbura, ruwa ya ƙare, ya tarar jirgi ya wuce ko tasha ta watse.

Ka'idar ita ce ka fara daga wurin da abin hawa yake da wuya, ka nufi inda yake da yawa. Da safe kana da ƙarfi da lokaci, jiran mota ta cika ba zai dame ka ba. Da yamma kuwa kana bukatar wurin da ko ka makara za ka samu abin hawa. Wato a fita nesa da mota, a tako zuwa wajen gari. Wanda ya yi akasin haka yana ƙara nisa da gida daidai lokacin da ƙarfinsa ke raguwa.

Idan tashar mota ce, tambayi direban da ya kawo ka ko ɗan kamasho: ƙarfe nawa mota ta ƙarshe ke tashi, kuma yau ranar kasuwa ce ko a'a? Ranar kasuwa ana samun mota har kusan magariba. Ranar da ba kasuwa ba, ƙaramar tasha tana iya bushewa tun bayan la'asar. Karɓi lambar ɗan kabu-kabu ɗaya na yankin tun da safe, ku yi ciniki tun lokacin, domin kuɗin da zai faɗa da rana tsaka daban yake da wanda zai faɗa in ya gan ka a tsaye duhu na shigowa.

Idan jirgi ne, karanta jadawalin da ke manne a tashar a ranar, kada ka dogara da hoton da ke yawo a WhatsApp, domin ana canza shi. Kuma kada ka ɗora shirinka a kan jirgin ƙarshe. Nufi wanda ke gabansa, na ƙarshen ya zama na ko-ta-kwana.

Mataki na biyu: zaɓen hanya

A Abuja, layin da ya dace da wannan aiki shi ne jirgin cikin gari, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya, aka sake buɗe shi a watan Mayun 2024. Yana da tashoshi 12 a tsawon kimanin kilomita 45. Reshe ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni ya bi ta filin wasa, Kukwaba ta ɗaya da ta biyu, Wupa, Idu, Bassanjiwa, ya ƙare a filin jirgin sama. Ɗayan ya tashi daga Idu ya bi Gwagwa, Deidei, Kagini zuwa Gbazango a yankin Kubwa. Ga baƙo daga Sakkwato, reshen Deidei ya fi sauƙi, domin yanki ne mai cike da Hausawa 'yan kasuwa, ba za ka rasa wanda za ka tambaya da harshenka ba, kuma ko jirgi ya kuɓuce maka akwai keke napep da motocin haya. Sai dai wasu tashoshin suna nesa da babban titi, don haka duba hanyar da ke shiga tashar a taswira tun kafin ka fita.

Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, wanda ya fara aiki a 2016, ba na tattaki ba ne. Tashoshinsa na tsakiya irin su Jere da Rijana suna da nisa da juna, kuma a wannan yanki ne aka kai wa jirgi hari ranar 28 ga Maris 2022. Hau shi don zuwa Abuja, da tikitin da ka saya da lambar NIN ɗinka, amma kada ka sauka a daji da sunan shan iska.

A gida, kewayen birnin Sakkwato ne wurin yi. Gefen Dundaye da Kwalkwalawa, a hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana da fadamar Gulbin Rima: albasa, shinkafa, tattasai, masunta da jiragen ruwansu, ga abin hawa ba ya yankewa saboda ɗalibai da ma'aikata. Ga mai son tarihi akwai Sifawa da Boɗinga, maƙwabtan juna: a Sifawa Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Hanyar Kalambaina zuwa Wamakko tana da abin hawa, amma manyan motocin siminti da ƙurarsu sun sa gefen titin ba ya da daɗin tafiya, sai in za a saki kwalta a bi hanyoyin gona.

Maganar tsaro ba a yi mata kwana-kwana. Gabashin jihar, wato Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah da kewayensu, da kuma gefen Tangaza da Gudu, ba wuraren yawon ƙafa ba ne ga baƙo a halin da ake ciki. Ko a kusa da gari ma, labarin makon jiya ba ya wadatarwa. Tambayi ɗan yankin a daren da za ka fita. In ya ce "a dakata tukuna", a dakata.

Mataki na uku: lissafin nisa da lokaci

Buɗe Google Maps, ka danna wurin farawa ka riƙe, ka zaɓi auna nisa, ka bi hanyar ɗigo bayan ɗigo har tashar ƙarshe. Sa taswirar a hoton tauraron ɗan'adam domin a nan ƙananan hanyoyin ƙafa suke fitowa fari-fari tsakanin gonaki. Abin da ka samu, ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu, saboda hanyar ƙauye tana kewaye shinge da kududdufi da gona. In taswira ta ce kilomita 8, ɗauka 10 ne. Sauke taswirar yankin a wayarka tun a gida, domin sabis yana ɗaukewa a kwari. A lura kuma hoton yana iya zama na rani: inda ka ga busasshen fili, a watan Agusta tafki ne.

Lafiyayyen mutum yana cin kilomita 5 a sa'a a kan kwalta da sanyin safiya. A hanyar gona, yi lissafi da 4. A rairayi ko in akwai yara da dattawa, 3. Sabon shiga ya tsaya tsakanin kilomita 6 zuwa 8. Wanda ya saba yana iya 12 zuwa 15.

Ga misalin lissafin, ana yinsa daga baya zuwa gaba. A ce hanyar kilomita 10 ce, jirgin da kake nufi kuma zai tashi ƙarfe 12:00. Kana son isa tasha 11:30, saboda tikiti da binciken jami'an tsaro. Tafiya zalla sa'o'i biyu da rabi ce. Ƙara hutun minti 10 a kowace sa'a, ya zama minti 20. Ƙara wasu minti 20 na gaisuwa da tambayar hanya, waɗanda a ƙasar Hausa ba a tsallake su. Sannan ƙara rabin sa'a na ɓatan hanya. Jimla sa'o'i uku da minti 40. Ke nan ƙarfe 7:50 ya kamata ƙafarka ta fara takawa, ba lokacin da za ka bar gida ba.

Sai ka sa wa kanka alamar rabin hanya: wata gada, makaranta ko masallaci da ka gani a taswira, da lokacin da ya kamata ka kai can. In ka iso da jinkirin fiye da minti 40, kada ka ce za ka rama da sauri. Fita zuwa titi mafi kusa ka nemi babur. Shi ya sa hanya mai kyau ita ce wadda ba ta nisa da titi fiye da kilomita 2 ko 3 a ko'ina.

Mataki na huɗu: lokacin shekara

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne kakar tattaki a Sakkwato. An girbe gero da dawa, hanyoyi sun buɗe, fadama ta yi kore da noman rani. A Disamba da Janairu rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 ta faɗi wajen 6:30, don haka wanda ya fita bayan sallar asuba zai isa wurin farawa daidai gari ya waye. Illar wannan lokaci ita ce ƙurar hunturu: tana busar da leɓe da hanci, tana tayar wa masu asma ciwo, kuma tana ɓoye ƙishirwa, mutum ya yi ta tafiya bai sha ruwa ba saboda bai ji zafi ba.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. In dole ne, a fara da fitowar rana a gama kafin ƙarfe 10, kilomita 6 ya isa. Da azumi kuwa a bar dogon tattaki gaba ɗaya. Da damina safiya tana da daɗi, amma laka tana rage sauri da rabi, shuka ta rufe gani, ruwa kuma yana cika fadama. Ruwan Rima yana iya ƙaruwa ko ba a yi ruwan sama a nan ba, idan an saki na madatsar Goronyo. Ambaliyar 2010 ta yanke hanyar jami'a a Kwalkwalawa, wannan ya isa nuna ƙarfin gulbin.

Mataki na biyar: abin da za a ɗauka

Ruwa ne kan gaba. Ledar ruwa rabin lita ce. Lokacin sanyi, leda ɗaya a kowace sa'a. Lokacin zafi, biyu. Tafiyar sa'o'i uku tana bukatar lita ɗaya da rabi zuwa uku, da ƙarin rabin lita da ba za a taɓa ba sai an ga tashar ƙarshe. Gara a juye a gora, domin leda tana fashewa a jaka. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan kowane minti 15 ko 20. Ɗauki fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, ɗaya ko biyu daga kemis. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Gishiri in ya yi yawa cutarwa yake yi.

Abinci mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Fura tana da kyau a wurin hutu, amma a cika ciki da ita sai barci ya zo. Kilishi yana ƙara ƙishirwa, a bar shi sai an hau mota.

Takalmi ya zama kambas rufaffe wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da safa mai kauri. Sabon takalmi shi ne babban mai jawo bororo. Silifas ba ya tare tsidau, ƙayarsa tana huda shi har tafin ƙafa, ga ƙarangiya da ke manne wa safa da bakin wando bayan damina. Da zarar ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, tsaya nan take, cire takalmin, kakkaɓe yashi, manna filasta. Minti biyar ɗin nan yana hana ɗingishin kilomita biyar. In bororon ya riga ya fito, kada a fasa shi da ƙaya, a rufe shi kawai.

Sai malafa ko hula mai baki, riga mai haske mai dogon hannu, rawani ko takunkumi saboda ƙura, man shafawa, sanda, waya cike da caji da batirin ko-ta-kwana, katin shaida, da kuɗi a hannu ƙananan canji, domin tura kuɗi ta waya ba ya yiwuwa inda babu sabis. Jakar goyo ta fi ta rataye a kafaɗa ɗaya. Duka kayan kada su wuce kilo 5. A guji kaya masu kama da na sojoji, da baƙin gilashi haɗe da rufe fuska in za a shiga ƙauye.

Mataki na shida: a kan hanya

Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Uku zuwa biyar ya fi: in ɗaya ya samu matsala, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. Taro mai yawa kuma yana tsorata ƙauye. A bar wa wani a gida sunan wurin farawa, wurin ƙarewa da lokacin dawowa. Mai jinkirin tafiya shi ke gaba, sauran su bi saurinsa.

A yanzu baƙon da aka gani yana ratsa gonaki yana duba waya yana ɗaukar hoto, ana iya ɗaukarsa mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Maganin wannan shi ne sallama da bayyana kai tun kafin a tambaye ka. In kun iso ƙauye, ku nufi inda dattawa ke zaune, a gindin bishiya ko ƙofar masallaci: "Salamu alaikum. Baba, sannunku da hutawa. Daga cikin gari muke, muna tattaki ne zuwa bakin titi. Wagga hanya tana hita can?" In za ku daɗe ko kuna da yawa, ku nemi a kai ku gaida hakimi ko mai unguwa. 'Yan sintiri in sun tsayar da ku, ku tsaya, ku nuna kati, ku faɗi sunan wanda kuka sani a yankin. Kada a ɗauki hoton mata, ko gida, ko shingen jami'an tsaro. Tashar jirgi ma a nemi izini kafin a ɗaga waya.

Wajen tambaya, kada ka ce "akwai nisa?", domin amsar kullum "nan kusa ne". Tambayi sunan ƙauyen da ke gaba, da abin da za ka gani kafin ka kai, da hannun da za ka bi a mararraba. Ka sake tambayar wani a gaba. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya iya tambayar.

A gona, bi kan iyaka, kada a taka shuka. A fadama a kula da tiyon ban-ruwa da bakin rijiyoyin da ciyawa ta rufe. In kun haɗu da garke a burtali, ku koma gefe ku bar shi ya wuce, kada ku ratsa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Karen makiyayi in ya taso, kada a gudu: a tsaya, a sa sanda a gaba, a kira mai shi. Kada a shiga ruwan da ke kwance don wanke ƙafa ko taƙaita hanya, nan ake ɗaukar tsargiya. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa kuma a nemi gada ko mai jirgin fito.

Game da layin dogo, doka ɗaya ce: ba a tafiya a kansa ko a kan tsakuwar gefensa, ko da shi ne hanya mafi miƙewa tsakanin tashoshin biyu. Jirgi ba ya kaucewa, kuma in direba ya taka birki sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Jikinsa ya fi faɗin ƙarfen da yake bi, don haka tsayawa dab da layi ma haɗari ne. Gadar jirgi ta fi ko'ina muni, babu wurin tserewa. A tsallaka a mahaɗar da aka tanada kawai, a cire abin sauraro daga kunne, a duba hagu da dama, kada kuma a bi ta inda aka yanke shingen waya don wasu suna bi.

Idan abu ya ɓaci

Galabaitar zafi tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar tsoka da fitsari kaɗan mai duhu. A kai mutum inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan. Tafiya ta ƙare ke nan, ko da ya ce ya warware. In ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, wannan ya wuce galabaita: a ci gaba da zuba masa ruwa a jiki, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

Maciji ya fi fitowa da sassafe, da yamma, da lokacin damina da girbi. Kububuwa ƙarama ce mai launin ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya jin kamar lafiya lau a sa'o'in farko. In ta faru, kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutumin kada ya taka, a nufi babban asibitin da ke da maganin dafi. A rubuta lokacin da abin ya faru, likita zai tambaya.

In an ɓata, a tsaya a koma wuri na ƙarshe da aka tabbatar da shi, kada a yanki daji da zato. Turakun lantarki da sawun tayar babur mai yawa galibi suna kaiwa gari. In kuma hadari ya haɗo da walƙiya, a bar gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili, a bar bakin ruwa, a nemi gini ko cikin mota har tsawar ta wuce.